Kifin Dokta a Kaskon Inna Hajo

Har gobe ban manta da yinin da muka sauka ƙauyen Tama tare da Dokta Isuhu ba. Lokacin ina ƙaramin ma'aikacin gandun daji a Buza, shugabanmu ya ce in raka baƙo daga gidan tarihi na babban birni. Dattijo ne siriri, aikinsa kama kifi, ya auna shi, ya jiƙa shi a kwalbar magani, don masu bincike na baya su gani. Ni dai da farko na ɗauka aikin banza ne.

A mota ya gaya mini akwai wani kifi da ya taɓa gani a tabkin Tama tun yana saurayi, bai sake ganinsa ba. Wannan ce fitarsa ta ƙarshe kafin ritaya, ga tabkin yana ƙafewa.

Da hantsi Allah ya ba mu shi, guda ɗaya tak, bai fi tafin hannu ba. Kwalaben suna masauki, gidan Malam Abdu, don haka muka kai kifin a bokiti, muka ajiye a zaure, muka tafi sallar azahar.

A ƙauyukanmu, abin da baƙo ya ajiye a zaure tsarabar gida ce. Muna dawowa sai ga Inna Hajo, matar maigidan, da akushin tuwo, kifin a sama, ya sha mai da yaji.

"Dokta, kihin naku ɗan kaɗan na," in ji ta, "shi ya sa nis soya maka shi kai ɗai."

Tausayin Dokta ya kama ni, na buɗe baki zan yi magana, ya dafa gwiwata.

"Inna, Allah shi saka da alheri," in ji shi.

Ya yi bisimilla. Ban taɓa ganin mai cin kifi a hankali haka ba. Kowace ƙaya sai ya tsotse ta, ya jera a kan hankici, kan kifin ma bai tauna ba. A hanyarmu ta komawa Buza ya ce ƙashi ma shaida ne, amma launin da ya so duniya ta gani ya tafi.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, ku riƙe wannan: wurin mutane muke zuwa nema, ba a kunyata su a gidansu. Inna Hajo ta rasu tana alfahari cewa babban Dokta ya cinye girkinta, har ƙashin ya tafi da shi.