Sai Kin Ji Zaƙi

Tururin farar shinkafa ya bugi hancina jiya, sai na tuna Kaka, mahaifiyar babana, da tsakar gidanmu na Unguwar Dosa.

A shekarar da naira ta fito na yi ciwon ciki, duk abin da na ci sai ya dawo. Na rame har Inna, mahaifiyata, ta fara ɓoye hawayenta. Kaka ta dafa shinkafa ba mai ba yaji, ta ɗora ni a cinyarta tana ba ni a baki.

"Takwara, kina haɗiya kamar ana korar ki. Tauna, kada ki haɗiye sai kin ji zaƙi."

"Kaka, shinkafa ai ba ta da zaƙi."

"Ke dai tauna, sarkin gardama."

Na yi ta taunawa ina kallon lallen hannunta. Can sai wani siririn zaƙi ya ɓullo a harshena. Ranar abinci ya zauna a cikina, Inna ta yi dariya.

Allah Ya jiƙan Kaka, Ya sanyaya makwancinta. Sai a sakandare na koyi cewa narkewar abinci a baki take farawa, yawu ne ke mayar da shinkafa sukari tun kafin ta isa ciki.