Walimar rana mafi tsawo da azumin Gwaggo

Na gama shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin dogonyaron gidanmu na Arkilla, an jera masa da zoɓo mai ƙanƙara, sai na miƙe zan yi wa ƙawayena jawabi. Ai dole a ga amfanin digirin da na yi.

Na ce, "Yau ce rana mafi tsawo a shekara, shi ya sa na tara ku mu yi mata walima."

Gwaggo, yayar babanmu, ta dakata da jan carbi. "Mi kinka ce, ɗiyata?"

Na maimaita, har da murmushi.

"Kin san hakanga tun jiya, kinka bari na ɗauki ramuwar azumi yau? Wanga karatu naki, wa shika amfana?"

Wa za ta kai loma baki Gwaggo na kallonta da busasshen leɓe? Aka mayar da murafen kwanuka. Ƙanƙara ta narke, masa ta huce, mu kuma tun la'asar muka zuba wa rana ido muna roƙon Allah ta faɗi. Ranar da muka taru don ita ke nan.

Don Allah, da ku ne, za ku ci ko za ku jira magariba?