Amsar da na ƙi gajartawa

Shekarun baya, lokacin da ko'ina ka duba a Abuja gini ake yi, wayar hannu kuma ta fara shiga aljihun kowa, ina aikin nas a wani ƙaramin asibiti a Abaji. Maigidana ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, yana zaune a Lugbe da 'yarmu ƙarama da ƙanwarsa mai kula da ita. Ni sai ƙarshen mako nake zuwa, shi ma in ba ni da aiki. Wata Asabar na shigo da tsarabar doya, yarinyar ta leƙo daga bayan ƙanwar babanta ta ce mata, "Mama, ga Anti ta zo." Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, amma maganar ta tsaya mini a rai har na koma Abaji.

Shi ya sa da wani babban asibiti a cikin gari ya kira ni intabiyu, ban ɗauke shi neman aiki kawai ba. 'Yata nake nema.

Matsalata ɗaya ce, surutu. Mahaifiyata takan ce in aka tambaye ni hanyar kasuwa sai na fara da tarihin wanda ya kafa garin. Maigidana, da yake ya sha zama intabiyu, ya ɗauri aniyar gyara ni. Sai ya zaunar da ni, ya riƙe cokali da kofin shayi, ya jefo tambaya. Da na fara nisa sai ya ƙwanƙwasa kofin.

"Nan Abuja ce, ba a son dogon turanci," in ji shi. "Minti biyu, ki ja bakinki ki yi shiru."

"Ko shimfiɗa ban gama ba fa."

"Ai ba tabarma suka ce ki kawo ba."

Kofin nan ya sha duka a hannunsa. Amma in faɗi gaskiya, ya yi mini rana, don na koyi fara magana daga inda amsar take.

Ranar intabiyu na tarar da mutum uku a bayan tebur. Biyu na fi tunawa: wani likita mai wayoyi biyu a gabansa, da shugabar nas-nas, wata dattijuwa da ba ta ce uffan ba tun shigata. Likitan ya tambaye ni me zan yi idan mace ta haihu jini ya ɓalle mata. Na ce in kira taimako, in murza mata ciki mahaifa ta tsuke, in sa mata ruwa, in duba bugun zuciya da awon jini, in sa a kira likita. Na tsaya. Ya gyaɗa kai. A raina na ce yau cokali ya yi aikinsa.

Can dattijuwar ta ture takardun gabanta. Hausarta irin ta Abuja ce, wadda mace ma "kai" ake ce mata.

"To matar nan bai tashi ba, ya mutu," ta ce. "Jariri yana da rai. Baban matar, tsoho, manomi, yana waje kan benci tun safe. Ni ne tsohon. Oya, ka gaya mini."

Ina da amsar da muka haddace a gida, jimla uku ta turanci a kan tausaya wa dangin majiyyaci. Ta zo mini har leɓe. Sai na tuna bencin asibitinmu na Abaji, da dattawan da na taɓa zama kusa da su a kansa. Ba a tarar dattijo a tsaye a jefa masa mutuwar 'yarsa a wuce. Na san in na bi yadda na saba, minti biyu za su wuce ban ma iso ga maganar ba, wataƙila aikin ya tafi tare da su. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na tashi daga kujera, na zagaya, na durƙusa kusa da ita.

"Baba, sannu da zama. Kun ko sha ruwa? Da wa kuka zo?"

"Ni kaɗai ne. Yaya yarinyana?"

"Ta haihu, Baba, an samu namiji, yana lafiya. Sai dai ita jikin ya yi mata tsanani bayan haihuwar. Jini ya zuba da yawa."

Na dakata, na bar maganar ta zauna. Wayar likita ta yi ƙara, ya kashe.

"Mun yi iya ƙoƙarinmu, Baba. Sai dai haƙuri. Allah ya yi mata rasuwa."

Daga nan ban ƙara komai ba. Ni da ake yi wa kirari da surutu, na zauna shiru a gefenta har ta ɗago kai da kanta. Sannan na tambaye ta wa za mu kira daga gida, kuma ko tana son ganin jikan yanzu ko sai an jima.

Ta daɗe tana kallona. "Ya isa, ka tashi," ta ce, ta jawo takardunta. Ba ta yaba ba, ba ta kushe ba.

Da na ba maigidana labari ya dafe kai. "Har da durƙuso? Hali zanen dutse." Ni ma na cire rai, na koma Abaji ina ta cizon yatsa. Bayan 'yan makonni aka kira ni in zo in fara aiki, kuma a ƙarƙashin dattijuwar nan aka sa ni.

Yau ni ma nakan zauna a bayan tebur, kuma sababbin nas sukan tambaye ni tsawon da ya kamata amsa ta yi. Nakan ce su duba wanda ke jiran amsar. Mai zubar jini ba ya jiran shimfiɗa, wanda za a gaya wa mutuwa kuma ba a yi masa gaggawa. Cokalin maigidana ya koya mini rabi, bencin Abaji ya koya mini sauran. Har gobe ina alfahari da wannan durƙuson, fiye da duk wata takardar shaida da na mallaka.

Ita kuwa 'yata, ba a rana ɗaya ta saba da ni ba. Na yi watanni ina amsa Anti a gidana. Wata yamma ina yi mata kitso, na tsunduma ba ƙanwar babanta labari, sai ta waiwayo ta toshe mini baki da tafin hannunta.

"Mama, ki yi shiru mana, ni ma zan yi magana."

Na yi shirun, don ranar ce ta fara kirana Mama.