Tirelar da Muka Naɗe da Danshi

Mun tashi da asuba daga garin Clinton da ke kusa da Washington, ni da 'yata, muna jan tirelar kwana a bayan mota. Ga wanda bai san ta ba, akwati ce a kan taya biyu. In ka wana wani ƙarfe sai rufin ya ɗaga, gadaje su fito, tamfol ya zama bango. Ta hannu muka saya, bisa nacin matata, Allah ya jiƙanta. Ranar da na kawo ta maƙwabcina ya tambaye ni ko kiwon kaji zan fara.

Woodbridge muka nufa, wurin wani direba ɗan Nijar da na yi wa alkawarin sayar masa da ita. Yarinyar ce ta roƙi mu fara yini a dajin da ke kusa da garin, inda muka saba zuwa da mahaifiyarta.

Mun haye gadar kogin Potomac gari na wayewa. Babbar hanyar 95 tana nan da halinta, motocin masu zuwa aiki Washington sun yi cirko-cirko, mu da muka ba birnin baya muna ta wucewa. A gidan mai na duba tayoyin, na taɓa tsakiyarsu ko sun yi zafi, don bara ban sa musu giris ba. Mai ya yi tsada, kofinsu kuwa ruwan zafi ne mai launi. Muka koma kan shayinmu da dambun nama.

Da muka isa na kama ƙarfen ina wanawa. Kafin rufin ya kai rabi wari ya buge mu. Fumfuna ta cinye tamfol ɗin, baƙi-baƙi har kan katifu da labulen atamfa da marigayiya ta ɗinka da hannunta. A zuwanmu na ƙarshe ruwa ya kama mu, muka naɗe tirelar a jiƙe da niyyar shanya ta a gida. A makon aka kwantar da matata asibiti, ba ta fito ba. Tun daga nan ban ƙara buɗe tirelar ba.

'Yata, wadda ko da Hausa ka yi mata magana da Turanci take amsawa, ta riƙe labulen ta ce, "Abba, Umma ta ce ba a naɗewa da danshi." Na zauna a bakin gadon na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Muka sayo ruwan khal da buroshi, muka yini muna gurza. Wani dattijo Bature da ke kusa da mu ya ara mana tsani, ya ce tamfol ɗin zai yi in ya sha rana, katifun dai sai shara.

Bayan la'asar na kira direban na ba shi haƙuri, na ce na fasa sayarwa. Ya ce, "Malam, riƙe abinka. Allah ya jiƙan Hajiya."

Mun iso gida kafin magariba. Na daɗe ina gaya wa mutane tirelar wuri take tare min, ashe tsoron buɗe ta nake ji, kuma abin da tafiyar ta nuna min ke nan. Yanzu tana ƙofar gida a buɗe tana shan rana. Labulen na kan igiya, tabon bai fita duka ba, kuma 'yata ta ce haka za mu mayar da shi.