Kifin da Oddleiv Ya Ɓoye

Oddleiv mijin yayata Gunvor ne. Shekara talatin da takwas yana rabon wasiƙa a garin Egersund, kullum yana cika mana kunne da zancen Senja, tsibirin da aka haife shi can ƙuryar arewa. Da ya yi ritaya sai ya sayi tsohon jirgin ruwa mai inji, ya ce zai bi gaɓa har gida ya nuna wa matarsa inda aka yanke masa cibiya. Ni aka jawo saboda na iya karanta taswira.

Gunvor ba ta son ruwa. Ta yarda ne bisa sharaɗi ɗaya: kada kifi ya kwana a jirgin. Ranar da ta ji ƙarni, ranar za ta sauka ta hau mota ta koma gida.

Kwana na goma sha tara muka tashi da sassafe, teku kwance lif, inji na aiki lafiya lau. Da rana ta ɗaga, zafin Yuli ya buɗe, sai wani ɗoyi ya fara tasowa daga gaban jirgi. Oddleiv ya ce ciyawar ruwa ce. Can kuma ya ce gonakin bakin gaɓa ne aka zuba wa taki. Ƙarya dai iri-iri, mutum da furfurarsa!

Da tsakar rana Gunvor ta shiga ɗan ɗakin gaba ta miƙe bayanta. Ba ta yi ihu ba. Fitowa ta yi da matashin kai a hannu, tsutsotsi farare ƙosassu suna ta mutsu-mutsu a kai, biyu ma a gashinta.

Na buɗe ramin da ake ajiye sarƙar anga, ƙarfen tsayar da jirgi, ramin da katako ɗaya ya raba shi da gadonta. Tir! Kifi uku rataye ta jela, sun yi kore, suna ɗigar da wani ruwa mai yauƙi, ƙudaje sun rufe su baƙi ƙirin. Mutanen Senja sukan rataye kifi sati biyu ya sha iska, ya ɗan bushe, sannan a dafa. Amma da hunturu suke yi, lokacin da ba ƙuda ko ɗaya. Gogan naku ya yi nasa a Yuli, cikin rami a rufe.

Bayan awa biyu muka ɗaure jirgi a garin Rørvik. Gunvor ta fito da jakarta ta tsaya a kan gadar da ake ɗaure jirage. Ni shaida ne, ta ba Oddleiv dama.

"Zuba su a ruwa ina gani, ka wanke jirgin, mu ci gaba."

Ya dubi kifin, ya jujjuya su, ya shinshina.

"Na tsakiyan fa bai lalace ba, Gunvor."

Ta hau motar ƙarfe huɗu.

Da yamma ya kankare tsutsotsin da wuƙa, ya dafa na tsakiyan da dankali. Na ce in ya matso da shi kusa da ni zan bi yayata ko a ƙafa. Ya zauna shi kaɗai, ya kai loma ɗaya, ya daɗe yana taunawa, sannan ya ture farantin.

"Ba haka na Inna yake ba," in ji shi. "So na yi Gunvor ta ɗanɗana kafin mu isa."