Wanda Ya Karɓi Yayana a Kabari

Tsufa ya kwashe min abubuwa da yawa, amma ranar da aka binne yayana a Kumasi ta ƙi barina, kuma na san da ita zan tafi.

Lokacin ina sayar da goro a unguwar Zango, jini na tafasa. Ana gab da samun 'yanci muka shiga wata jam'iyya tamu ta 'yan arewacin ƙasar, wai sai yankinmu ya riƙe kansa. Yayana kuwa, tela ne, ya bi ta gwamnati. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma shekara biyu ko sallama babu. Abin har masallaci ya shiga, ba ma bin limaminsu, ba sa bin namu. Manyanmu suka ce duk wanda ya je suna ko jana'izar wancan ɓangare ya sayar da mu. Ni da bakina na rantse a gaban taro, ana ta yi min tafi.

Zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi. Innarmu ta aiko min har sau biyu. Na fito, amma ban shiga sahu ba. Na bi su daga nesa har maƙabarta, na laɓe bayan wani mangwaro kamar ɓarawo.

A wajenmu na jini ne ke sauka rami ya karɓi mamaci. Da aka ajiye makara na ji liman ya ce, "Ina ƙanensa?"

Ya sake tambaya. Wallahi ƙafata ta motsa, sai na hango sakataren reshenmu tsaye da kekensa a bakin hanya, na ƙame. Wani dattijo ɗan ƙabilar Moshi, maƙwabcin yayana, ya cire takalmi ya sauka.

Ba a jima ba gwamnati ta hana jam'iyyun yanki. Tamu ta narke cikin wata, ofishinmu ya koma shagon aski. Sakataren nan da idona na gan shi yana cin tuwon suna a gidan limamin wancan ɓangare, har da neman ƙari. Ko haushi na kasa ji, gajiya ce kawai ta rufe ni.

Innarmu ba ta taɓa yi min faɗa ba. Sai da ciwon ajali ya kama ta, ina zaune a gefenta, ta dubi ƙanwata ta ce, "In na tafi, a kira dattijon nan ya karɓe ni."

Ranar na gane, bayan lokaci ya wuce, cewa jam'iyya ana rushe ta da safe a kafa wata da yamma. Yayana kuwa sau ɗaya aka binne shi, kuma ina bayan bishiya.