Jan Layi a Ƙofar Ɗakin Yaya

Ranar da aka ja wa gidan yayana layi, ni na fara taka shi. Na shigo da sabon farin takalmi, ina zuba surutu tun daga bakin titi, ban duba ƙasa ba, sai na ji ƙafata ta yi caɓal. Ɗanyen jan fenti ne aka shafa, ya ratsa tsakar gida ya bi ta dokin ƙofar ɗakin gaba. Kafin in ankara na bi siminti da jan sawu kamar wanda ya tsero daga mayanka.

Matar yayana ta ɗago kai daga keken ɗinkinta ta ce, "Sannu, Baki. Hukuma ta raba gida biyu, kai ka raba shi goma."

Baki take ce mini tun tana amarya, wai duk jikina shi kaɗai ke aiki. Ni kuwa Matarmu nake ce mata. Kayan 'yan makaranta take ɗinkawa a ɗakin baya, wanduna da riguna masu launi ɗaya, har idonta ya gaji da shuɗi. Ba ta da yawan magana, kuma ban taɓa ganin matsoraciya irinta ba. Kyankyaso ya gifta sai ta ɗora ƙafafu a kan keke. Idan aka yi rasuwa a layinsu, ta bayan gida take zagayawa ta je sayen zare.

Ga yadda fentin ya shigo gidan. Hukumar zaɓe ta sake shata iyakokin mazaɓu, ta ce a unguwarsu iyaka za ta bi tsohuwar kwata. Kwatar tana nan a taswirarsu. A ƙasa kuwa tun muna yara aka rufe ta da kankare, mutane suka yi gini a kai. Sai iyakar ta bi ta cikin gidaje. Rabin gidajen layin, har da ɗakin gaba inda Yaya ke gyaran rediyo kuma yake kwana, ya faɗa sabuwar mazaɓa da ke can ƙetaren hanyar jirgin ƙasa. Ɗakin baya ya tsaya a tsohuwar. Yaya ya yi ta sintiri ofishinsu yana cewa sai an nuna masa iyakar da ido, har suka gaji suka turo masu awo da gwangwanin fenti.

Na ce masa, "Yaya, ka ci riba. Ka kwana a mazaɓa ɗaya, ka karya kumallo a wata."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Unguwar nan ba ta taɓa zaɓen wanda suke so ba. Da suka rasa wuƙar yanka ta, sai suka tono kwata. Wanda zai wakilce ni yanzu ko sunan titin nan bai sani ba."

Shi da wasu maƙwabta suka shigar da ƙara. Aka ɗage, aka sake ɗagewa, aka canza alƙali. Maƙwabta suka riƙa zamewa da ɗai-ɗai, wannan ya ce ciwon ƙafa, wancan ya ce ɗansa na neman aiki ba ya son a san shi da rigima, har ya rage saura Yaya. Wata safiya Matarmu ta kai masa ruwan zafi ta tarar da shi kwance, ƙaramar rediyo a kan ƙirjinsa tana shuuu, tashar ta ɓace. Shi ma ya tafi.

Ta sa wa ɗakin kwaɗo. Ko tsintsiya ba ta bari ta taɓa dokin ƙofar.

Bayan an share makoki lauyan Yaya ya zo, na zauna na ji. Ya ce mai ƙara ya rasu, idan ba a sami wanda layin ya cutar ya tsaya a madadinsa ba, kotu za ta kori ƙarar. Ni ban cancanta ba, gidana yana tsakiyar tsohuwar mazaɓa. A wurin doka kuma, mazaunin mutum shi ne inda yake kwana. Idan a ɗakin baya Matarmu take kwana, layin bai taɓa ta ba. Idan a na gaba ne, ita ce mai ƙara.

Na ce, "To me ya yi zafi? Matarmu, ki rantse a ɗakin gaba kike kwana, ki ci gaba da minsharinki a baya. Wa zai leƙa?"

Ta ce, "Shi."

Da yammacin ranar na taya ta ɗaukar katifa zuwa ɗakin gaba. Ɗakin yana nan yadda ya bar shi: rediyoyin da masu su ba su dawo karɓa ba jere a kan kanta, wasu ba murfi, hanjinsu a waje, tabaransa a kan tebur kusa da dalma. Ta zare makulli daga kwaɗo ta soke a zani. Na ce ko a samo mata wadda za ta taya ta kwana. Ta ce wanda ya shigar da ƙara shi kaɗai ya rage, ita ma haka za ta yi.

Da safe nake biyowa in gan ta kafin in wuce aiki. Idanunta jajur, takan ɗinka hannun riga a baibai ta warware.

"Matarmu, an tashi lafiya? Ya angon?"

"Baki, akwai ruwa a ƙarƙashin ɗakin nan."

"Da rani? Ko dai cikinki ne?"

"Yana tafiya. Yayanka ya sha faɗa mini, ina cewa ƙarar rediyo ce ta zauna masa a kunne."

Wata rana kuma ta ce ɗaya daga cikin rediyoyin kan kanta takan yi ajiyar zuciya, alhali ta cire wa dukansu batir. Na ce wataƙila labarai take son karantawa, ta tuna ba wani sabo. Ban sami dariya ba. Da ta fita shanya, na shiga ɗakin da rana tsaka na durƙusa na kara kunne a siminti. Wallahi yana nan. Siririn ruwa ne, can ƙasa, yana tafiya a hankali kamar mai neman hanyar fita. Na miƙe na kaɗe gwiwa, ranar ban ƙara tsokanar kowa ba.

Zaɓe ya zo shari'a ba ta ƙare ba. Maƙwabtan baya suka nufi makarantar firamaren da suka saba, ita kuwa ta hau bas ta ƙetare hanyar jirgi, ta bi layi cikin mutanen da ba wanda ya san ta balle ya yi mata gaisuwar miji. Ta dawo da tawada a babban yatsa, ta shiga ɗakin gaba ta ɗaga yatsan sama kamar mai nuna wa wani. Ni ina tsakar gida, na kau da kai.

Kotun farko ta ce hukuma ta yi daidai. Aka ɗaukaka ƙara. Kowane zama tana benci na biyu, inda Yaya ke zama, ta bar gurbin mutum ɗaya a gefenta. Ta rame har sai da ta rage wa rigunanta faɗi. Na ce mata, ba da wasa ba, "Ki bari haka nan. Ya tafi inda ba a zaɓe." Ta ce ta sani, ai ita ta rufe masa ido.

Da hukuncin ya fito, alƙalan ko ambaton kwatar ba su yi ba. Wani batun yawan jama'a suka kama, suka ce an kumbura wata mazaɓa an tsotse wata, a soke taswirar a sake. Amma sunanta aka karanta a matsayin mai ƙara, kuma ba don ta kwana a ɗakin nan ba da babu ƙarar da za a yanke wa hukunci. Sabuwar iyaka ta koma can bakin babban titi. Layinsu ya sake zama ɗaya. Maƙwabcin mai ciwon ƙafa har rawa ya taka.

Na tafi yi mata barka ina murna tun daga titi, bakina ya dawo aiki. Tsohon fentin ai ya daɗe da koɗewa, don haka ban duba ƙasa ba. Caɓal.

Ɗanye ne, ja wur, a daidai inda na farko ya bi. Ga gwangwani da buroshi a jikin bango. Tana zaune a cikin ɗakin gaba, ta shigo da kekenta ta ajiye tsakanin rediyoyi.

Na ce, "Haba Matarmu! Alƙali ya goge layi, ya sallame ki. Ki kwashi katifarki ki koma baya ki yi barci kamar mutane. Wannan kuma na mene ne?"

Ba ta ko tsayar da keken ba.

"Alƙali nasa ya goge. Wannan nawa ne. Nan ɓangarenmu ne ni da yayanka, can kuma naku masu surutu. Ka sassauta murya, ka cire takalmin nan kafin ka ƙetaro."